Fita Cikin Dare Don Ƙirga Marasa Makwanci

Ƙannena, akwai wani aikin sa kai da nake son in kwaɗaita muku, ko da yake na san ba irin wanda ke ɗaukar hankalin matasa ba ne. Babu buhun shinkafa da za a raba a cikinsa, babu mai ɗaukar hoto, kuma da wuya wani ya ce muku sannu da aiki. Taswira ake ba mutum da tocila da 'yar takarda ko manhajar waya, a ce masa ga unguwarka nan, bi ta layi-layi da ƙafa daga tsakar dare har gabannin asuba, duk wanda ka tarar ba shi da wurin kwana ka rubuta shi. A Amurka dubban mutane ne ke fita wannan aiki duk shekara a ƙarshen watan Janairu, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi. Waɗanda ke karatu ko neman abinci a can daga cikinku, da ku nake kai tsaye. Waɗanda ke gida kuma kada ku ce ba ruwanku, domin akwai abin ɗauka a yadda aka tsara aikin, akwai kuma a inda yake tuntuɓe.

Asalin abin rigima ce a kan lamba. A farkon shekarun 1980 masu kwana a titi suka yawaita a biranen Amurka har abin ya daina ɓoyuwa, amma babu wanda ya san yawansu. Wani ɗan gwagwarmaya a Washington mai suna Mitch Snyder, mutumin da ya sha yin yajin cin abinci saboda su, ya riƙa cewa sun kai miliyan biyu zuwa uku. A 1984 ma'aikatar gidaje da raya birane ta tarayya, wadda ake kira HUD, ta fitar da nata kiyasin, tsakanin 250,000 da 350,000. Sai aka yi ta cacar baki: waɗannan suna cewa gwamnati na rage lamba don ta tsere wa nauyin da ke kanta, waɗancan suna cewa 'yan gwagwarmaya na zuzuta ta don su samu tausayi. Daga baya Snyder da kansa ya amsa cewa lambarsa ba daga wata ƙidaya ta fito ba. Binciken da cibiyar Urban Institute ta yi a 1987 ya kawo tsakanin 500,000 da 600,000, kuma a shekarar ce aka sa hannu a dokar McKinney, babbar dokar tarayya ta farko a kan marasa matsuguni. Ban kawo labarin Snyder don in zarge shi ba. Kaɗan ne suka kai shi kishin talaka. Sai dai kishin nasa bai hana abokan hamayyarsa samun sandar dukansa ba, kuma shi ya miƙa musu ita da hannunsa ranar da ya faɗi lambar da bai ƙirga ba.

Yanzu tsarin ya zauna. An kasa ƙasar zuwa yankuna kusan 400, kowane yanki da haɗakar hukumomi da ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin tarayya don kula da marasa matsuguni, kuma sharaɗin karɓar kuɗin shi ne a yi ƙidaya a dare ɗaya cikin kwana goman ƙarshe na Janairu. Waɗanda ke gidajen kwana na agaji ana ƙirga su kowace shekara, tunda akwai rajista. Na waje kuwa dole ne a ƙirga su aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, ko da yake birane da yawa duk shekara suke yi, kuma nan ne ake buƙatar ƙafafun 'yan sa kai. Zaɓen Janairu ba mugunta ba ce. Sanyi yana kora mutane da yawa cikin gidajen kwana inda lissafinsu ya fi sauƙi, ƙarshen wata kuma shi ne lokacin da ɗan kuɗin tallafin da wasu ke kama ɗakin otal mai arha da shi yake ƙarewa, su dawo titi a gan su.

Abin da ƙafafun nan suka tattaro shi ne ake bugawa a matsayin alƙaluman ƙasa. A 2007 an samu mutum wajen 647,000. Lambar ta yi ta sauka a hankali har ta kai kusan 550,000 a 2016, sannan ta juya. A 2023 ta haura 653,000, a Janairun 2024 kuma ta kai 771,480, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a shekara guda, mafi yawa tun da aka fara wannan lissafi. Kusan 150,000 daga cikinsu yara ne. Baƙaƙen fata, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, su ne kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsadar haya ce uwar matsalar. Sai ƙarewar tallafin zamanin korona, da bala'o'i irin gobarar tsibirin Maui ta 2023, da kwararar masu neman mafaka zuwa New York da Chicago da Denver. A cikin waɗannan na ƙarshe akwai samarin Afirka ta Yamma masu yawa, daga Senegal da Gini da Muritaniya, waɗanda masallatan Harlem da Bronx suka riƙa buɗe wa ƙofa su samu inda za su miƙe ƙafa. Kai da ke jin Faransanci ko Fulatanci ko Larabci, ka ga ke nan kana da abin da yawancin 'yan sa kai ba su da shi. Saurayin da zai yi shiru idan Bature ya yi masa tambaya da Turanci, yana iya buɗe baki idan ya ji sallama irin ta gida.

Bari in kai ku daren, yadda ake yin sa a New York, inda ƙidayar da suke kira HOPE ta game dukan birnin tun 2005. Wajen ƙarfe goma na dare ake haɗuwa, galibi a zauren wata makaranta. Za ka tarar da ɗalibai da ma'aikatan ofis da tsofaffin da suka yi ritaya, kowa ya naɗe kansa da rigar sanyi da hula, ga kofi a kofin takarda yana hayaƙi. A yi muku ɗan horo, a raba ku ƙungiya-ƙungiya, mutum biyu zuwa huɗu, a ba kowace ƙungiya taswirar da aka zagaye mata iyakarta. Masu tsarin sun riga sun kasa birnin gida biyu. Wuraren da aka san ana yawan kwana, duka ake bi. Sauran kuwa sai a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, a yi amfani da su a kiyasta ragowar. Wasu ƙungiyoyin kuma ƙarƙashin ƙasa ake tura su, tashoshin jirgi da cikin taragu. Da sha biyu ta buga sai a fita, ba dawowa sai wajen ƙarfe huɗu.

Awa ta farko da zumuɗi ake yin ta. A ta biyu yatsun ƙafa sun fara mutuwa, allon waya ya ƙi jin yatsa saboda safar hannu, sai ka cire ta ka danna ka mayar. Can ka hango tarin kwali a ƙofar wani shago da aka ja wa ƙyauren ƙarfe. Daga nesa shara ce. Da ka matso sai ka ga takalmi ɗaya ya leƙo daga ƙarƙashin bargo, ga ledoji biyu an ɗaure bakinsu an tura ta wajen kai don kada a sace, ga bargon yana ɗagawa yana sauka a hankali. Mutum ne, kuma ya zaɓi wurin ne saboda akwai wata kafa a bango da ke fitar da iska mai ɗumi. A nan ne horon da aka yi maka zai yi amfani. Ba a haska masa tocila a fuska. Ba a taɓa kayansa. Ba a tsaya a kansa ana hira. A mafi yawan wurare ƙa'ida ita ce ba a tashin mai barci, rubuta shi ake yi a wuce, sai fa idan sanyin daren ya kai wanda ke kisa, to sannan ana dubawa a tabbatar lafiya yake, a kuma yi masa tayin motar da za ta kai shi gidan kwana. Idan ya ce ba ya so, an gama magana. Barcin nan da ƙyar ya same shi, kuma da gari ya waye mai shago zai tashe shi.

Wanda ka tarar idonsa biyu, gaishe shi za ka fara yi, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka tambaye shi ko yana da wurin kwana a daren nan. Kuma kowa ake tambaya, wannan ita ce ƙa'idar da sababbin shiga suka fi karyawa. Ido yana da son zuciya. Yana neman mai yagaggen kaya da gashi a cukurkuɗe, ya tsallake mutumin da ke zaune a benci da kwat mai tsabta da jakar goyo, alhali wannan ɗin da safe wurin aiki zai nufa, albashinsa ne kawai bai kai kuɗin haya ba. Za ka ji nauyin tambayar mai kyan shiga ko yana da makwanci, wani ma zai harare ka ko ya yi maka tsaki. Ka haɗiye. Hararar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan a bar mutum a wajen lissafi shekara guda.

Hoto kuwa, ku bar wayar a aljihu sai don aikin da aka ba ta. Na san zamanin da kuke ciki, alherin da ba a sa a Facebook ko TikTok ba kamar ba a yi shi ba ne. To wannan mutumin da ke kwance yana da uwa a wani gari da take zaton yana lafiya, yana da 'ya'yan da abokansu ke da waya, wataƙila kuma akwai wanda ya gudo wa. Titin nan shi ne ɗakinsa a daren, kuma ba a shiga ɗakin mutum yana barci a ɗauke shi hoto. Haka nan wa'azi. Ba daren tambayar mutum me ya sa yake shaye-shaye ba ne, ko ina danginsa, ko me ya hana shi neman aiki. Tambayoyin da ke takarda an tsara su da dalili, wanda ya ga dama ya amsa, wanda bai ga dama ba a yi masa godiya. Kada kuma tausayi ya sa ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. Wanda aka sha ce wa gobe za a zo da taimako ba a zo ba, shi ne wanda baɗi zai ɓuya idan ya hango masu taswira.

Akwai wata dabara a ƙidayar New York da take burge ni. Kafin ku fita, an riga an baza wasu 'yan basaja a sassan birnin, mutanen da aka ɗauka su zauna a waje kamar marasa matsuguni, su jira su ga ko za a zo a tambaye su. Idan an baza ɗari aka gano casa'in, an san ke nan ana tsallake mutum ɗaya cikin goma, sai a gyara lissafin da wannan. Ma'ana masu tsarin sun ɗauka tun farko cewa ɗan sa kai zai gaji, zai ji tsoron lungu mai duhu, zai hango mutum a tsallaken titi ya ce ai wannan jiran mota yake. Darasin sun koyo shi ne tun daga ƙidayar ƙasa ta 1990, lokacin da aka ware daren 20 ga Maris don marasa matsuguni, masu bincike kuma suka sa mutane a wuraren da ya kamata a bi, aka tarar da yawa ba wanda ya zo kansu. Kai dai ka yi aikinka kamar kowane mutum da ka gani ɗan basaja ne. Idan an ba ka layi goma sha biyu, ka taka goma sha biyun. Idan akwai inda ka ga hatsari ka ƙi shiga, daidai ne, ba a ce ka jefa kanka a halaka ba, kuma ba a rabuwa da 'yan ƙungiya ko shiga kango, amma ka rubuta cewa ba ka shiga ba. Idan kuma ka yi yawon awa huɗu ba ka ga kowa ba, kada ka ji kamar ka yi asarar dare. Sifilin da aka tako da ƙafa sakamako ne mai daraja. Wanda aka rubuta daga cikin mota mai ɗumi ba tare da an bi layin ba kuwa ƙarya ce, ko da a takarda kamanninsu ɗaya.

Kowane gari da salonsa. A Los Angeles, inda lissafin gundumar ya haura 75,000 a 2023 da 2024, dare uku ake yi, yawanci a mota, ana ƙirga mutane da tantuna da motocin da ake kwana a ciki, daga baya masana su kiyasta mutum nawa ke cikin kowane tanti ko mota. A ƙauyuka kuwa sai an bi dazuzzuka da bakin rafi tare da wanda ya san wurin, sau da yawa wanda shi ma ya taɓa kwana a can.

Kada in ɓoye muku, lambar da wannan wahala ke haifarwa gajeriya ce, kuma kowa ya sani. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ma ya faɗi haka a rahotonsa na 2020. Wanda ya kwana a kujerar falon abokinsa a daren ba ya ciki. Iyalin da suka cunkushe a ɗaki ɗaya da wasu dangi bayan an kore su daga haya ba sa ciki. Wanda ke asibiti ko kurkuku a daren, ko da jibi titi zai koma, ba ya ciki. Makarantun gwamnati, da suke amfani da ma'ana mai faɗi kuma suke lissafin shekara sukutum, suna samun ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da ba su da tsayayyen muhalli. Mata kuma sun fi kowa iya ɓuya, don wadda aka gani tana barci a fili tana cikin hatsarin da namiji bai sani ba. Wata kwana take yi tana zagaya gari a bas, wata ta zauna a gidan abincin da ba ya rufewa da kofi ɗaya har asuba. Ke ƙanwata, shi ya sa fitarki ke da muhimmanci, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai amsar da ke kaɗai za a ba. Ga kuma sabuwar matsala: a Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, ta ba birane damar hukunta masu kwana a waje ko da babu gadon da za a ba su. Inda ake kora da tara, mutane sukan nutsa can inda ido ba ya kaiwa, lamba ta sauka a takarda ba tare da ko mutum ɗaya ya samu ɗaki ba.

To in haka ne mene ne amfanin fitar? Snyder ma ya yi wannan tambaya, har ya ƙi ba masu ƙidayar 1990 haɗin kai, yana ganin gajeriyar lamba makami ce a hannun masu son rage taimako. Ina ganin hujjarsa, amma ban bi shi ba. Ku dubi Paris. A farkon 2018 wani ƙaramin minista ya faɗa a rediyo cewa maza wajen hamsin ne suka kwana a waje a yankin birnin, daga baya aka ce yana nufin waɗanda suka kira lambar agaji ba a samar musu wuri ba. Bayan makonni kaɗan, a tsakiyar Fabrairu, hukumar birnin ƙarƙashin Anne Hidalgo ta fitar da 'yan sa kai wajen 1,700 a daren ƙidayarta na farko, suka dawo da kusan mutum 3,000. Daga ranar babu wanda ya sake maganar hamsin. An kuma gano kashi 12 cikin ɗari mata ne, fiye da yadda ake zato, kafin shekarar ta ƙare aka buɗe musu wurin kwana a cikin ginin majalisar birnin kansa. A Amurka ma, 'yan mazan jiya marasa matsuguni sun ragu da fiye da rabi tun 2010, zuwa 32,882 a 2024, a daidai lokacin da lambar sauran jama'a ke hawa, saboda an ware musu kuɗin haya da masu bibiya, ana kuma auna ci gaban shekara bayan shekara. Houston ta rage nata da fiye da rabi tun 2011 ta hanyar fara ba mutum ɗaki kafin a shiga maganar sauran matsalolinsa. Ƙidaya ba ita ta gina ɗakunan ba. Amma uwargidan da za ta yi girkin biki sai ta san bakin da za su ci kafin ta auna shinkafa, kuma ko lissafinta bai cika ba, ya fi a ce ta zuba da ka. Ma'aunin da ke da tawaya, muddin tawayar iri ɗaya ce bana da bara, yana iya nuna maka ko abu hawa yake ko sauka.

Wannan ne ya sa nake ɗaukar aikin a matsayin amana, kuma ta fuska biyu ake cin amanar. Mai mulki yana son lamba ta ragu don a ce ya yi aiki. Mai ƙungiya yana son ta ƙaru don tallafi ya ƙaru. Kai ɗan sa kai, jarabarka ta biyun ce, tunda tausayi ne ya fito da kai: ka ga tanti ɗaya ka ce bari in rubuta mutum uku, ai don amfaninsu ne. Kada ka yi. Mu da muka fito daga Nijeriya mun san inda wannan hanya ke kaiwa. Ƙidayar 1962 soke ta aka yi aka sake a 1963, ita ma aka yi ta rigima a kanta. Ta 1973 aka watsar. Rabonmu da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Kowane ɓangare ya ƙara wa nasa don ya samu kaso mai tsoka, ƙarshenta aka wayi gari babu lambar da kowa ya yarda da ita, kuma talaka ne ya fi kowa asara, don shi ne ba a san inda za a kai masa asibiti da makaranta ba.

Akwai kuma wani abu a jininmu game da ƙirga mutane. Tambayi dattijuwa 'ya'yanta nawa ka ga yadda za ta kauce, ta ce na Allah ne. Kakanninmu kuma sun san cewa duk ranar da malamin hakimi ya iso da littafi, haraji ne ko jangali ke biye da shi, shi ya sa ake kora shanu daji a ɓoye samari. Tsoron yana da tushe, kuma irinsa ne za ka gani a idon wanda ke kwance a tashar jirgi idan ka nufo shi da takarda. Amma muna da wani gadon da ya fi wannan tsufa. Malaman tarihi sun kawo cewa a shekarar yunwar da aka yi zamanin Sayyidina Umar, da mutanen ƙauye suka kwararo Madina, ya naɗa mutanen da ke kula da su suna kawo masa rahoto da dare, ya kuma sa a ƙirga waɗanda ake ciyarwa. Littafin malamin jangali da na Umar duk lissafi ne. Abin da ya raba su shi ne me ke biyo bayan rubutun.

Saboda haka, ku na gida, idan wannan magana ta sa ƙungiyarku ta matasa ko ta ɗalibai sha'awar gwadawa a unguwa ɗaya cikin hunturu, ku fara da tambayar me zai biyo baya. Ku je wa mai unguwa da limami tukuna, ku sanar da 'yan sintiri, don kada a ɗauke ku ɓarayi. Ku zauna ku yanke wa za ku ƙirga tun kafin ku fita, domin a wurinmu abin ya fi na Amurka sarƙaƙiya. Ɗan ci-ranin da ke kwana a barandar shago wata huɗu yana da gida a ƙauye. Ɗan dakon da ke kwana kan buhuna a kasuwa, da mai gadin da rumfar kwano ce ɗakinsa, da almajiran da ke jere a zaure, da matar da rikici ko ambaliya irin ta Maiduguri ta Satumbar 2024 ta raba da gidanta, da mai taɓin hankalin da ke ƙarƙashin gada, kowa halinsa daban ne, buƙatarsa daban, kuma in kun zuba su a layi ɗaya lambar ba za ta gaya wa kowa komai ba. Ku nemi mai shayin da ke kwana a bakin tasha ya yi muku jagora, ya fi kowane jami'i sanin wanda ke kwana a ina. Kada ku rubuta cikakken suna, kada ku zana taswirar da za ta nuna daidai inda wane yake kwanciya. In kuka ga alamar cewa takardarku za ta ƙare a hannun masu kame da kora, gara ku fasa fitar gaba ɗaya.

Ku da ke Amurka kuma, tun watan Disamba ake buɗe rajistar 'yan sa kai, hukumar birni ko gunduma ce ke sanarwa, ba a kuma neman wata ƙwarewa sai ɗan horon da za a yi muku. Ku sa safa biyu da takalmin da ruwa ba ya shiga, ku cika waya da caji don sanyi na shanye batir, ku ci abinci kafin ku fita. Bayan nan ku bi sawun lambar. Ta birni takan fito bayan 'yan watanni, ta ƙasa kuwa tana jimawa, rahoton Janairun 2024 sai ƙarshen Disamba aka sake shi. Idan ta fito, ku je zaman majalisar birni da ake buɗe wa jama'a lokacin kasafin kuɗi, ku tambaya gado nawa aka ƙara, ɗaki nawa aka samar, mutum nawa aka kora kawai daga wannan titi zuwa wancan. Idan shekara ta zagayo ku sake rajista, ku roƙi a mayar da ku unguwar da kuka bi bara, don wanda ya san lungunan wuri ya fi baƙo gano waɗanda ke cikinsu.